Amanar Kunnen Sa'idu

Ku matasan malamai da kuka dawo daga bita makon jiya, na ji ku a bakin masallaci kuna ta zuba. Wai an zo muku da sabon salo: a gwada yara, a raba su gida uku, a koya wa kowa daga inda ya tsaya. Ɗayanku har cewa ya yi wannan ai aikin mako guda ne, da an raba an gama. Ban tanka ba, don ba na son in shiga salla da gardama a baki. Amma shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, daga Gumel zuwa ƙauyukan Maigatari, daga can zuwa Gagarawa, kuma abin da kuke kira sabo, da shi na ci abinci har na yi ritaya. Rabawar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen sanin yaro ɗaya, sannan abin da za ka yi da sanin. A wannan na biyun na yi kuskuren da ya fitar da wani yaro daga makaranta, kuma labarinsa nake so ku ji kafin ku yi irinsa.

Darasina na farko a aji biyu na yi shi, a wata firamare a cikin Gumel. Na zo da takardar shaidar malanta sabuwa fil, da farar riga mai guga, da kai kamar ya fashe. Aka haɗa ni da Malama Rifkatu, wata Kirista 'yar Filato da ta biyo mijinta ma'aikacin asibiti, ta zauna a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Ta ja kujera ta zauna a bayan aji, ta ce in nuna mata abin da aka koya mini. Na rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, na ɗauki tsumagiya ina nunawa, yara suna amsawa har kwanon rufi yana ɗauka. Minti arba'in ina gumi. Da aka kaɗa ƙararrawa na juyo ina jiran yabo.

"Malam Garba, Allah ya ba ka murya," in ji ta. "To, wa ka koya wa?"

"Ajin gaba ɗaya, Malama."

"Aji ba ya karatu, ɗana. Kira mini yarinyar can mai jan kallabi."

Yarinya ta zo. Malama ta ɗora yatsa a kan "bo", ba ta fara daga farko ba. Yarinyar ta dubi allo, ta dube ni, ta ce "ba". Aka kira na biyu, aka kira na uku, har biyar. Mutum ɗaya ne ya gane, shi ma na ga bakinsa yana ƙirgowa daga farkon layi. Ashe 'yan ƙalilan na gaba ne suke karatun, sauran waƙa suke bi. Kunya ta kama ni ranar har na rasa inda zan ajiye tsumagiyar.

Washegari ta sa aka fitar da benci gindin darbejiya, ta ce aikin mako biyu ke nan, yara ɗaya bayan ɗaya, kati a hannu. Ka nuna wa yaro baƙi, in ya gane ka nuna masa gaɓa, in ya gane ka ba shi kalma, daga nan jimla. Inda ya tsaya nan ne ajinsa na gaskiya, ko me rajista ta ce. Sai dai na lura ita ba katin take kallo ba, yaron take kallo. Wannan yana ƙanƙance ido in ya dubi nesa. Wancan ya san amsa, amma da ka tsare shi da ido sai ta gudu. Waccan ba ta karya kumallo ba, kada ka tambaye ta komai sai an dawo daga tara. Shekara uku na yi a ƙarƙashinta kafin idona ya fara ganin irin waɗannan abubuwa da kansa, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin ta ce wa yaro daƙiƙi ba.

Kayan aikinmu ba a mota aka kawo mana su ba. Allo idan ya koɗe, gawayi muke dakawa mu kwaɓa da ƙaro mu shafe shi ranar Juma'a, kafin Litinin ya bushe. In ja layi biyu in raba shi gida uku, kowane rukuni da gidansa. Katunan baƙaƙe daga kwalin sabulu nake yankawa, wanda nake roƙa wajen masu shago. Lissafi kuwa marfin kwalbar lemo ne da karan dawa, a ɗaure goma goma da zare, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga inda goman ta tafi. Waɗanda hannunsu bai saba da fensir ba, ƙasa ce littafinsu, su rubuta da yatsa su share. Malama ta hana ni sa wa rukuni sunan da zai bi yaro gida. Babu masu ƙoƙari, babu na baya. Akwai 'yan taga, 'yan tsakiya da 'yan ƙofa, kuma duk bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya motsa ya tashi ya canza wuri. Amma babban kayan aiki a cikinsu duka shi ne wurin zama. Inda ka zaunar da yaro ya fi rabin abin da za ka faɗa masa, kuma wannan ba na jin an gaya muku a bitar.

Da aka mayar da ni wani ƙauye kusa da Maigatari, lokacin Malama ta yi ritaya ta koma gida, sai na gane ashe iyaye ma karatu ne. Akwai uban da ya zo da sanda don ya ga ɗansa na aji huɗu da katin 'yan aji ɗaya a aljihu, wai na mayar da shi baya. Na zaunar da shi, na miƙa wa yaron littafin aji huɗu a gabansa, ya kasa karanta ko layi ɗaya, har uban ya ajiye sandar da kansa. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, rabin aji yana wajen talla da kora dabbobi, saboda haka ba a fara sabon darasi ranar, maimaici ake yi. Damina in ta sauka, manyan yara suna gona, in sun dawo sai ka sake gwada su, don abin da suka tafi da shi ba shi suke dawowa da shi ba. Yara sun haura tamanin a ajina, benci bai kai goma ba. Duk wanda ya ce muku aikin mako guda ne, ku ce ya zo ya riƙe Alhamis ɗaya.

A wannan ƙauyen na sami Sa'idu a aji uku. Dogo ne, ya fi kowa tsawo a ajin, saboda haka a baya yake zama. Malamin da ya riƙe shi kafin ni ya ce da can yaro ne mai kaifi, amma tun da ya yi sanƙarau da bazara ya tashi ya zama wani iri, ka yi masa magana ya yi maka banza. Shifta ce ta tona mini abin. Al'adata in ina shifta ba na tsayawa wuri ɗaya, ina bi ta layin taga in dawo ta layin ƙofa. Da na zauna duba littattafai sai na ga na Sa'idu da ban mamaki. Jimla ta ɗaya tana nan, babu kuskure ko ɗaya. Ta biyu babu, fili ne kawai. Ta uku tana nan. Ta huɗu babu. Malalaci ba ya tsallake jimla a kan tsari haka. Washegari na sake yin shiftar ina lura da ƙafata. Duk jimlar da na faɗa ina gefensa na dama ya rubuta, duk wadda na faɗa ina hagunsa ko motsi bai yi ba.

Da aka tashi tara na kira shi bayan aji, na ce ya dubi bango. Na zaro kwalin ashana na girgiza kusa da kunnensa na hagu. Shiru. Na girgiza da ƙarfi. Ko gezau. Na mayar dama, tun ban gama ɗaga hannu ba ya waiwayo. Muka dubi juna, ya sunkuyar da kai, ya fara murza gefen rigarsa. Na ce masa ba laifi ya yi ba, ya je ya yi wasa.

Da la'asar na tafi wajen mahaifinsa, Alhaji Ilu, dillali ne a kasuwar shanu. Rabin rayuwarsa da mutanen tsallaken iyaka ya yi ta, har makaranta lekol yake ce mata, malami kuma mushe, irin na Damagaram. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Sa'idu ya kawo ruwa a kwanon sha, uban ya yi masa alama da hannu ya fita. Na faɗi abin da na gani, ina zaton zan ba shi mamaki.

"Mushe, na sani tun yana kwance," in ji shi. "Uwarsa ta sani. Kai ne na uku, kuma ina so ka zama na ƙarshe."

Na ce, "Alhaji, ai ba abin kunya ba ne, ciwo ne. In sauran malamai suka sani, sai a taimaka masa."

"Kai baƙo ne a garin nan. Ka ga tsohon nan mai gyaran igiya a bakin kasuwa? Audu sunansa, amma wa ya sani? Kurma ake ce masa, 'ya'yansa 'ya'yan Kurma, jikokinsa jikokin Kurma. Mutanen nan in suka laƙa maka suna da shi za a kai ka kabari. Kuma dillali da kunne yake cin abinci. In aka ce ɗan Ilu ba ya ji, wa zai miƙa masa igiyar saniya?" Ya kamo hannuna ya riƙe da hannu biyu. "Na ba ka amana, tsakaninka da Allah. Ko hedimasta kada ya ji. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Kun san yadda muke da wannan kalma. Dattijo ya riƙe hannunka a zaurensa ya ce amana, ba ka da ta cewa. Na karɓa, har ina jin kaina wani mutumin kirki. Ban ce a kira yaron ba, shi ma uban bai ce ba.

Shekara guda da rabi na yi ina koyar da Sa'idu a ɓoye a gaban mutum tamanin. Da farko sai da na nemo dalilin kawo dogon yaro gaba, na naɗa shi mai kula da alli da goge allo, na ba shi bencin farko na jikin bangon hagu, yadda mataccen kunnen zai fuskanci bango, mai ji ya fuskanci aji. Na daina magana ina kallon allo, in rubuta tukuna, in juyo, sannan in faɗa, don na lura yana karanta bakina. Na daina yawo lokacin shifta. In zan tambaye shi, sai na fara taɓa bencinsa da alli kamar wasa, ya ɗago, sannan tambaya ta zo. In an yi aikin rukuni, kullum shi ne a ƙarshen hagu. Babu yaron da ya gane, babu malamin da ya gane, kuma in faɗa muku gaskiya na ji daɗin wayona. Yaron kuwa ya tashi kamar gero bayan ruwa. Daga 'yan ƙofa ya koma 'yan tsakiya, daga nan 'yan taga. A farkon aji huɗu, wanda na bi su da shi, yana karanta labari shafi guda ba tuntuɓe, ya fara kama Turanci. Ya ce mini so yake ya je sakandare a Gumel ya zama mai yi wa shanu allura, don ya ga yadda ake girmama su a kasuwa. Na ce masa in ya riƙe haka, ni da kaina zan raka shi ranar jarrabawa.

Sai ga mummunar shekarar. Ana tsakiyar zango na biyu takarda ta zo, an ce in koma ƙaramar hukumarmu, Gagarawa, in kama aiki kafin mako ya ƙare. Wanda zai karɓi ajina wani saurayi ne, Malam Nasiru, sabon fitowa, mai son aiki, irinku sak. Ranar Laraba muka zauna a aji bayan an tashi. Na miƙa masa rajista, da littafin tsarin darasi, da kwalin katuna, da buhun marafan kwalba. Sannan na bi benci benci ina faɗa masa yara. Hauwa ba ta gani daga nesa, kowa ya sani, a bar ta gaba. Bala yana da in'ina, kada a kira shi farko, a bari ya ji wasu sun amsa. 'Yan biyun can kada a haɗa su. Yana ta rubutawa. Muka zo kan bencin bangon hagu.

"Wannan na Sa'idu ne," na ce. "Ka bar shi a nan."

"Dogon nan? Malam, ai yana tare wa ƙanana allo. Me ya sa?"

Maganar ta zo har bakina. Na tuna hannun Alhaji Ilu a kan nawa, na haɗiye ta.

"Shi ne mai goge allo. Ka dai bar shi."

"To, Malam," in ji shi. Na ga bai rubuta ba, don a ganinsa ba abin rubutawa ba ne.

Na yi niyyar in je wajen Alhaji in roƙe shi ya sake ni, ko da mutum ɗaya ne in faɗa wa. Na je gidan aka ce ya haura tsallake sayen shanu, sai bayan mako biyu. Na ce ba komai, zan dawo. Lokacin babu waya a hannun kowa. Na isa Gagarawa na tarar da aji biyu a haɗe a ɗaki ɗaya, babu allo mai kyau, babu kati ko ɗaya, na shiga yankan kwali daga farko. Wannan Asabar ta wuce, waccan ta wuce, damina ta sauka hanya ta lalace. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai makonnin da ko tuna Sa'idu ban yi ba. Sai bayan girbi na hau keke na tafi.

Na sami Malam Nasiru a aji. Ya tsara yara tsaf bisa tsawo, gajeru gaba, dogaye baya, kamar yadda aka koya masa. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce a bencin bangon hagu. Na duba baya ban ga Sa'idu ba.

"Yaron nan naka ya ba ni wahala, Malam," in ji shi. "Ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba. In kira sunansa sau uku, yana kallon taga. In yi shifta, ya ba ni rabin shafi. Na san ya iya, na ga littattafansa na da, raini ne kawai. Na yi nasiha, na sa shi durƙuso a rana, na yi bulala. Tun kafin hutu ya daina zuwa."

"A ina ka zaunar da shi?"

Ya nuna mini kusurwar baya ta jikin bangon dama. Kunnen da ke ji yana manne da bango, mataccen yana fuskantar malami. Ko da gangan aka zaɓa ba za a sami wurin da ya fi wannan muni ba a ɗakin.

A nan na karya amanar, lokacin da karyawar ba ta da sauran amfani ga kowa. Na faɗa masa komai. Malam Nasiru ya zauna a kan benci. Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malam, kalma ɗaya fa. Na tambaye ka. Wallahi na tambaye ka me ya sa."

Muka tafi gidan Alhaji Ilu tare. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce yaro ya ƙi lekol, ya yi duka ya yi lallashi ya ƙi, shi ya sa ya tura shi wajen ƙaninsa a tsallake yana bin shanu. Na ce a dawo da shi, zan ɗauke shi Gagarawa ya zauna a gidana. Ya ce an gode, amma yaro ya riga ya saba da can. Da ya fahimci Malam Nasiru ya san zancen, fuskarsa ta canza, ya dube ni ya ce, "Mushe, ashe haka kake?" Ya naɗe tabarmarsa muna zaune. Na koma Gagarawa a kan keke, ban sami yaron ba, ban kuma tsira da amanar ba.

Tun daga shekarar na sayi babban littafi mai bango mai kauri, kowane yaro da shafinsa: inda ya tsaya a karatu, inda ya kamata ya zauna, da dalili. Dalilin shi ne muhimmi, don umarni ba dalili sabon malami ba zai bi shi ba, kuma yana da gaskiya. Iyaye ba su daina kawo mini amana ba. Wannan 'yarsa tana da farfaɗiya, wancan ɗansa fitsari yana kufce masa in ya tsorata. Sai in janye hannuna kafin a kama, in ce zan rufe daga gari, amma ba zan rufe daga malamin da zai gaje ni ba, in an yarda to, in ba a yarda ba a riƙe abin. Wasu sun yi fushi, yawanci sun yarda. Da wannan littafin na ƙarasa aikina, kuma na ɗauka na gama koyon darasin.

Bara na je Sule Tankarkar ranar kasuwa gaisuwar rasuwa, zan wuce wani ƙauye da mota ba ta shiga. Na tsaya wajen 'yan acaɓa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Kurma! Kai Kurma, ga fasinja, layinka ne!" Wani dogon mutum mai gemu ya turo babur. Na faɗi sunan ƙauyen, ya karkato kai ya ba ni gefen dama, na maimaita. Na hau. Mun yi nisa cikin gonaki ina kallon ƙeyarsa da yadda yake karkatar da kai in wani babur ya taho. Na matso bakina kusa da kunnensa na dama, ban ɗaga murya ba, na ce, "Sa'idu."

Ya taka birki har na bugi bayansa. Ya kashe babur a gindin wata aduwa, ya sauko, ya dube ni ya daɗe, sannan ya durƙusa.

"Malam Garba. Wallahi tun da kuka hau nake cewa na san wannan muryar."

Muka gaisa. Alhaji Ilu ya rasu da daɗewa. Dillancin bai yiwu ba, ana ciniki a hagunsa bai sani ba, sai ya bari. Yana da mata da 'ya'ya uku. Karatu kuwa, ya ce yana iya haɗa Hausa a hankali in rubutun manya ne, Turancin ya tafi. Na tambaye shi sunan da na ji ana kiransa da shi, sai ya yi dariya.

"Ai tun ina bin shanu aka sa mini. Ba ya ciwo, Malam. Har ya fi sauƙi, kowa ya san ta inda zai yi mini magana. Sunan da Baba ya guje mini ga shi na samu, karatun ne dai ban samu ba."

Na ce, "Sa'idu, me ya hana ka faɗa wa Malam Nasiru da bakinka?"

"Baba ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba. Kuma ni ai na ɗauka ya sani. Na gan ku ta taga ranar da za ku tafi, kuna bin benci benci kuna yi masa bayani, har kuka tsaya a kan nawa. Na ce shi ke nan, Malam ya faɗa masa. Da ya mayar da ni baya yana dukana, sai na ce ashe ya sani ne yake yi. Na ce in haka makaranta take in ba ku, gara shanu."

Na faɗa masa gaskiya, cewa ban faɗa ba, da dalilin da ya sa. Na ba shi labarin zaure da hannun mahaifinsa. Ya saurara yana kallon bakina kamar yadda yake yi a bencin farko. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Na tuna ranar," in ji shi. "Ni na kawo muku ruwa." Ya goge madubin babur da hannun riga. "Allah ya jiƙan Baba, ya yi don ni ne. Ku ma haka. Amma Malam, kunnen fa nawa ne. Da kun tambaye ni, da na ce a faɗa wa kowa, har mai kaɗa ƙararrawa."

Shekara talatin da biyar ina alfahari na san kowane yaro, na cika littafi da shafuka a kansu, na yi sharaɗi da iyayensu, kuma babu shafi ɗaya da na taɓa juya wa mai shi na ce, kai me ka ce? Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Ya tada babur na hau bayansa. Hanyar yashi ce, yana tafiya a hankali saboda tsufana. Da muka yi nisa ya ji shiru ya yi yawa, sai ya karkato kai ya ba ni gefen dama.

"Malam, ku yi magana mana," in ji shi. "Ta nan ina ji."

Har muka isa ƙauyen ban sami abin da zan faɗa masa ba.